Ciko ko cirewa: Yadda ciwon haƙori ke ƙarewa a Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda

A garuruwan Arewacin Zamfara, idan aka ce wa mutum ya je ya ga likitan haƙori, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne cirewa. Da yawa ba su san cewa haƙorin da ya yi kogo ana iya wanke shi a cike ramin, ya ci gaba da tauna tuwo da nama har shekaru ba. Waɗanda suka sani kuma, sau da yawa sai lokacin ciko ya wuce suke isa asibiti.

Yadda abin ke tafiya sananne ne. Da farko mutum zai ji haƙori ya amsa idan ya sha ruwan randa mai sanyi ko shayi mai zafi, sai ya koma tauna da ɗaya gefen. Idan zafin ya ƙaru a cusa kanumfari a ramin, ko a kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Daga nan sai kemis, a sayo maganin kashe zafi da kafso na kwana biyu ko uku. Zafin ya lafa, a manta. Bayan wata uku ko shida ya dawo cikin dare, da kumburin kunci. A wannan matakin ne ake fara maganar kuɗin mota.

Ga mutumin Zurmi ko Moriki ko Dauran, kuɗin motar ba ƙaramar magana ba ce. Manyan asibitocin jihar, wato Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, duk suna Gusau, kimanin kilomita 60 kudu da Ƙauran Namoda. Kafin a kai Ƙaura kuma sai an bi hanyoyin da 'yan bindiga suka daɗe suna tarewa, ko wadda ta fito daga Shinkafi ta Moriki, ko wadda ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya a Jihar Katsina. A watan Satumbar 2021 an ga lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita sayar da fetur. Wanda zai yi kasadar irin wannan tafiya saboda haƙori ɗaya, so yake a gama masa aikin a zama ɗaya, kada a ce ya dawo mako mai zuwa. Cirewa kuwa zama ɗaya ce.

Kogon ba tsutsa ke yin sa ba

Har yanzu akwai masu cewa tsutsa ce ke cin haƙori, kuma a kasuwanni ba a rasa masu tallar maganin fitar da ita. Wannan imani ba na Hausawa kaɗai ba ne, an daɗe da shi a ƙasashen Larabawa da Turai da Sin. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, akwai ƙwayoyin cuta da ke zama cikin dattin da ke manne wa haƙori. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, sai su ci su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da farin ɓawon haƙorin kaɗan-kaɗan. Miyau yana ƙoƙarin mayar da abin da ya narke, amma idan sukarin yana shigowa a kai a kai, daga shayin safe zuwa alawa da mazarƙwaila da lemon kwalba da rana, miyau ba ya samun sararin yin aikinsa. Shi ya sa likitoci suka fi damuwa da sau nawa mutum ke kai zaƙi baki a rana fiye da yawan abin da ya sha a zama ɗaya.

Haƙori hawa uku ne. Akwai ɓawon waje mai tsananin tauri, wanda babu abin da ya kai shi ƙarfi a jikin ɗan Adam, kuma ba ya jin zafi. Ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai ɗan rawaya da ya fi taushi, shi ne ke amsawa idan an sha sanyi. Can ciki kuma akwai ɓargon haƙorin, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Ciko yana aiki ne matuƙar ruɓewar ba ta kai ɓargon ba. Idan ta kai, sai dai a kashe jijiyar a wanke saiwar haƙorin, aikin da ke cin zama biyu ko uku da hoton haƙori da kuɗi masu kauri, ko kuma a cire.

A nan ne matsalar take. Lokacin da ciko ya fi amfani shi ne lokacin da haƙorin bai dami mai shi sosai ba. Ranar da ya hana barci, galibi an makara.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a watan Nuwambar 2022, ta ce kusan mutum biliyan 3.5 a duniya na fama da cututtukan baki, kuma ruɓewar haƙori da ba a yi wa magani ba ita ce kan gaba, tana shafar kimanin mutum biliyan 2.5.

Yadda ake farin ciko

Abin da ake kira kwamfozit, ko farin ciko, haɗi ne na wata irin roba mai danƙo da garin gilashi mai laushi ƙwarai. Yana zuwa cikin ƙananan sirinji, kala-kala, daga fari sol zuwa mai ɗan duhu, domin likita ya zaɓi wanda ya yi daidai da launin haƙorin mutum. Asalinsa daga Amurka ne. A shekarar 1955 wani likita mai suna Michael Buonocore ya nuna cewa idan aka shafa wa ɓawon haƙori wani sinadari mai tsami, roba na iya kama shi. A farkon shekarun 1960 kuma Rafael Bowen ya samar da irin robar da har yau ita ce ginshiƙin mafi yawan farin cikon da ake amfani da shi.

Likita zai fara da allurar kashe zafi idan ramin ya yi zurfi, sannan ya kankare ruɓaɓɓen wurin da ƙaramin injin da ke fesa ruwa. Daga nan ya shafa sinadarin nan mai tsami na kamar daƙiƙa 15 zuwa 30, ya wanke, ya busar. Ido ba zai ga bambanci sosai ba, amma fuskar haƙorin ta yi ƙananan ramuka kamar bangon da aka farfasa wa fuska kafin a yi masa yaɓe. Sai a shafa gam, a haska masa wata fitila mai shuɗin haske. Bayan haka ne ake zuba cikon, ba a lokaci guda ba, hawa-hawa, kowane hawa bai wuce kaurin milimita biyu ba, ana haska shi na daƙiƙa 20 zuwa 40 har ya sandare. Dalilin bin sa a hankali shi ne hasken ba ya ratsa abu mai kauri, sannan cikon yana ɗan tsukewa idan yana bushewa. Idan aka cika ramin gaba ɗaya aka haska, tsukewar na iya janye shi daga jikin haƙorin ta bar wata 'yar kafa da ruɓewa za ta sake bi. A ƙarshe a sa mutum ya ciji wata siririyar takarda mai launi don a ga inda cikon ya yi tudu, a goge, a sassaita.

Duk aikin kan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma cikon ya riga ya yi tauri kafin mutum ya tashi daga kujera. Abin da ake jira kawai shi ne allurar ta sake shi, kada ya ciji harshe ko leɓe bai sani ba.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne miyau. Ɗigo ɗaya idan ya taɓa wurin bayan an busar, gam ɗin ba zai kama yadda ya kamata ba. Cikon zai yi kyau a ido a ranar, bayan 'yan watanni ya fara amsawa ko ya faɗo cikin loma. Don haka ake buƙatar injin zuƙe miyau, da auduga ko wani shimfiɗin roba da ke keɓe haƙorin, da mataimaki a gefe. Yaron da ba ya iya zama shiru, ko ramin da ya nutse ƙarƙashin dasashi inda jini ke tsattsafowa, duk suna sa aikin ya yi wuya ko ga gwani.

Tsohon ciko da maganar zaiba

Kafin farin ciko ya yaɗu, abin da aka sani shi ne amalgam, cikon nan mai launin azurfa da ake gani a turamen manya, wanda kan yi baƙi da daɗewa. An fi shekara 150 ana amfani da shi. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, wato ruwan ƙarfen nan da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi, sauran kuma garin azurfa ne da kuza da jan ƙarfe. Ba ya manne wa haƙori, sai an sassaƙa ramin yadda zai riƙe shi, wanda ke nufin ana cin wani ɓangare na lafiyayyen haƙori. Amma yana da arha, yana da juriya, kuma ba ya saurin ɓaci idan ɗan danshi ya taɓa shi.

Mutanen Zamfara ba sa buƙatar dogon bayani kan abin da ƙarfe mai guba ke yi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sannan aka gano ta a Bagega, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Dalma daban, zaiba daban, amma a sana'a ɗaya suke haɗuwa: da zaiba masu haƙar zinare ke kama ƙurar zinaren, su ƙona ta, hayaƙin ya tashi. Wannan sana'a ce kan gaba a duniya wajen sakin zaiba cikin iska, da fiye da kashi ɗaya bisa uku, a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Yarjejeniyar Minamata, wadda aka sa wa sunan wani gari a Japan da gubar zaiba daga wata masana'anta ta nakasa mutanensa tun shekarun 1950, an amince da ita a 2013, ta fara aiki a 2017, Najeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. A taron ƙasashen yarjejeniyar da aka yi a Bali a 2022, an amince a daina sa amalgam a haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara 15, da mata masu ciki, da masu shayarwa, sai idan likita ya ga babu makawa. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi daga 1 ga Janairun 2025. A taron Geneva na watan Nuwambar 2025 kuma aka tsayar da shekarar 2034 a matsayin wa'adin daina ƙera shi da cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ƙasashen Afirka na cikin waɗanda suka fi matsawa a yi hakan.

Wannan ba ya nufin wanda ke da tsohon ciko a bakinsa ya ruga a cire masa. Hukumomin lafiya ba su ba da shawarar tone amalgam da ke zaune lafiya ba, domin tonon ma yana cin haƙori, kuma a lokacinsa ne tururin zaibar ya fi fita. Babbar damuwar ita ce ta muhalli: ragowar da ke bin magudanar ruwa daga asibitoci, da wadda ake zubarwa a shara a ƙona.

Sai dai akwai gaskiyar da masu tallar farin ciko ba su cika faɗa ba. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta yi kan gwaje-gwajen da aka tattara ya nuna cewa a turame, inda nauyin tauna yake, farin ciko ya fi amalgam saurin lalacewa, kusan ninki biyu, duk da cewa gwaje-gwajen da kayan shekarun baya aka yi su, kuma na yanzu sun fi inganci. A hannun likitan da ke da lokaci da kayan aiki, farin ciko na iya kai shekara goma ko fiye. A hannun mai gaggawa, cikin ɗakin da wuta ta ɗauke, labarin daban ne.

Wato dai duniya ta yanke shawarar barin cikon da ya fi haƙuri da talaucin asibiti, ta koma wanda ya fi son gata. Shawarar tana da hujja, amma nauyinta a kan garuruwa irin su Zurmi zai faɗa. Farin ciko yana son wuta don injin iska da injin zuƙa, yana son fitila mai cikakken caji, yana son a ajiye kayansa nesa da zafi, a yankin da watannin Maris da Afrilu kan haura digiri 40. Kayan kuma daga waje ake shigo da su, don haka faɗuwar darajar Naira tun daga tsakiyar 2023 ta shiga farashinsu kai tsaye. Mafi yawan marasa lafiya daga aljihunsu suke biya.

Cikon da ba ya buƙatar wuta

Akwai hanya ta uku da ba a cika jin labarinta ba, alhali da yanayi irin na karkarar Zamfara aka ƙirƙire ta. A tsakiyar shekarun 1980, a ƙasar Tanzaniya, wani likitan haƙori ɗan ƙasar Holan mai suna Jo Frencken ya fara gwada kankare ruɓewa da ƙananan kayan hannu masu kama da cokali, ba inji, daga baya kuma aka riƙa cike ramin da wani siminti na gilashi da ake kira gilas ayonoma, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a farkon shekarun 1970. Gari ne da ruwa, a kwaɓa a danna a ramin da yatsa mai safar hannu, ya bushe da kansa cikin mintuna. Yana kama haƙori ba tare da gam ba, yana jure ɗan danshi, kuma yana sakin sinadarin fuloraid da ke ƙarfafa gefen ramin. Sau da yawa ko allura ba a buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da wannan dabara ga duniya a 1994.

Bai kai farin ciko ƙarfi ko kyau ba, kuma a babban ramin da ya ci gefen haƙori ba ya daɗewa. Amma a ƙaramin kogo na saman turmi, musamman ga yara, yana yin shekaru. Kayan aikinsa jaka ɗaya ce da za a iya ɗaurawa a bayan babur, kuma ma'aikacin lafiyar haƙori da aka horar zai iya yin sa a ajin makaranta ko ƙaramin asibitin ƙauye.

A 2021 hukumar ta sa wannan siminti cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, tare da man goge baki mai fuloraid da wani ruwan magani mai azurfa da ake ɗigawa a kogo ya tsayar da ruɓewa, ko da yake yana mayar da wurin baƙi. A 2023 ta ƙara da shi kansa farin cikon. Shiga jerin dai abu ɗaya ne, isa ɗakin ajiyar magani na ƙaramar hukuma wani abu ne.

Ba abin mamaki ba ne idan haƙori ya zo a ƙarshen layi a wannan yanki. A 2024 ƙungiyar likitocin MSF, wadda ke aiki a Shinkafi da Zurmi, ta ce gwajin da ta yi ya nuna kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu na fama da tamowa. A farkon shekarar ce kuma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. Amma baki da yunwa ba a raba su. Cutar noma, wadda ke farawa da gyambon dasashi ta cinye kunci da leɓe cikin kwanaki, yaran da ke fama da tamowa da rashin tsaftar baki take kamawa. Asibitin da aka keɓe mata yana Sakkwato tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa aka shigar da ita jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disambar 2023. Ma'aikacin da ke buɗe bakin yara yana neman kogo, shi ne zai fara ganin dasashin da ke zubar da jini.

Haƙoran gaba

Inda farin ciko ba shi da abokin takara shi ne haƙoran gaba. Faɗuwa a babur, ko karo a filin ƙwallo, ko buɗe kwalba da baki, kan karya gefen haƙori. A al'ummar da ke yabon wushirya, mahajjata kuma ke dawowa da haƙorin Makka, ba sai an yi wa kowa bayanin abin da karyayyen haƙorin gaba ke yi wa budurwa ko saurayi ba. Da farin ciko likita na iya gina gefen da ya tafi a zama ɗaya, har a kasa gane inda aka haɗa. Idan an tsinci guntun da ya karye, a sa shi cikin ruwa mai tsabta ko madara a tafi da shi, domin wani lokaci shi ɗin ake mayarwa a manne. Idan kuma haƙorin babba ne ya fita gaba ɗaya da saiwarsa, a riƙe shi ta kai, kada a goge saiwar, a sa shi cikin madara, a nemi likita cikin awa ɗaya. Na yaron da bai yi famfara ba, ba a mayar da shi.

Ma'abota goro su sani cewa farin ciko yana ɗaukar launi. Goro da taba da baƙin shayi kan rina gefensa da daɗewa, kuma ba ya komawa fari da aswaki, sai an goge shi a asibiti. Tauna ƙashi ko ƙanƙara ko fasa goriba da haƙorin da aka cike na iya tsaga shi. Ɗan amsawa na kwanaki bayan ciko ba abin tsoro ba ne, amma idan mutum ya ji haƙorin yana riga sauran taɓa na sama, to cikon ya yi tudu, gyaran mintuna ne.

Aswaki yana cire datti idan an iya amfani da shi, kuma ba a ce a bar shi ba. Abin da ba ya bayarwa shi ne fuloraid yadda man goge baki ke bayarwa, shi ya sa ake son a haɗa biyun, a goge sau biyu a rana, musamman kafin barci, a tofar ba tare da kurkurewa da ruwa ba. Abubuwan da likitoci ke gargaɗi a kansu kuwa su ne ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, da ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo. Zafin na iya tsayawa saboda jijiyar ta mutu, amma naman baki ya ƙone, ruɓewar kuma ta gangara saiwa. Kumburin da ya sauko ƙarƙashin haɓa, da zazzaɓi, da wahalar haɗiya ko buɗe baki, ba na jiran ranar kasuwa ba ne, domin yana iya toshe numfashi.

Akwai haƙori ɗaya da iyaye suka fi yin asararsa ba su sani ba. Yana fitowa ne wajen shekara shida, can bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Saboda ba a ga giɓi kafin fitowarsa ba, sai a ɗauka shi ma na famfara ne, idan ya yi baƙi a ce zai faɗi wani ya fito. Wannan turmin na dindindin ne, babu mai maye gurbinsa, kuma a kansa mafi yawan nauyin tauna yake. Yana cikin haƙoran da aka fi cirewa matasa, kuma a shekarun farko na fitowarsa ramin da ke kansa bai wuce wanda simintin gilashi zai rufe cikin kwata na awa ba.